Zaren da Kika Sayo a Damagaram

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗiya ga uwarta, ina fatan makwancinki yana da sanyi da haske, kuma rahamar Ubangiji ba ta yanke miki ba tun ranar da aka kai ki. Mu nan Tanut muna lafiya. An gama yankan hatsi, Baba ya shigar da nasa rumbu, bai kai na bara ba amma mun gode Allah. Sanyi ya fara shigowa da safe.

Inna, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina son matar Baba. Ban faɗa wa Kaka ba, ban faɗa wa Baba ba, ita kanta ban faɗa mata ba. Na yi ƙoƙari kada in so ta, na kasa. Ina rubuta wannan a zauren matan saƙa na cikin waya, inda ƙawayenki suke, domin bakina ba ya iya faɗa, hannuna ne kawai ya saba da aiki. Wadda ta karanta ta yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na bar lakwal.

Sunanta Habsu, ni Tanti nake ce mata. Mutanenta makiyaya ne daga bayan Tenhiya. Ranar da aka kawo ta, bayan rumbu na zauna da saƙata har mata suka watse. Na daɗe ba na ce mata komai sai ina kwana da sannu da aiki, kuma ba ta matsa mini ba. 'Yar kujerarki ta tsugunno tana nan ƙofar ɗaki. Ba ta taɓa zama a kai ba. In za ta yi shara sai ta ɗaga ta, ta share wurin, ta mayar da ita inda take.

Saƙa ce ta haɗa mu. Wata rana da hantsi zaren wata mata ya harɗe mini, na saƙala shi a gwiwoyina ina ta fama in naɗe shi curi. Sai ta jingine taɓarya, ta zo ta miƙo hannuwanta biyu. Na saƙala mata. Zaren hawainiya ne, irin wanda kika sani, mai canza launi shi kaɗai: ja ya wuce, ruwan ɗorawa ya zo, kore ya biyo baya. Ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta riƙa shafa shi da yatsa tana neman inda aka ƙulla.

Tun daga ranar, in ina saƙa hula ko safa da shi, sai ta riƙa cankar launin da zai fito. “Ja ne, Lami, na rantse ja ne.” Sai kore ya fito. Ta tafa hannu ta ce, “Wannan zare maƙaryaci ne. Babu tunkiyar da za ta yarda daga jikinta ya fito.” Ranar na yi dariya har na saki tsinke. Bayan na gama dariyar na kalli kujerarki, na ji kunyarki.

Na gaji, Inna. Wannan ma bari in faɗa miki.

Tun da kika tafi, matan unguwa ba su daina kawo zare ba. Suna shigowa da sallama, su yi miki addu'a, su ajiye leda a gabana. Wannan hula, waccan safa, wata shawul na suna kuma tana so kafin Juma'a. Ban iya cewa a'a ba. In na buɗe baki zan ce aiki ya yi mini yawa, sai in ji na ce to. Wata takan ce, “Da uwarki ce da tuni an wanke shi an shanya.” Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ba na amsawa.

Da asuba ina layin ruwa da jarka, kin san ruwan Tanut. In na dawo ga surfe, ga awaki. Sai rana ta take nake samun zama ƙarƙashin runfa. Tsinkayenki nake amfani da su har yanzu, waɗanda Baba ya ciro daga ƙafar tsohon keke ya goge bakinsu a dutse. Sun yi mini kanta a yatsa daidai inda suka yi miki. Kafaɗata ta dama tana ciwo, wani lokacin har cikin kunne. Tanti ce ke shafa mini man shanu, tana dannawa tana cewa, “Yarinya ƙarama da wuyan tsohuwa.”

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto.

Tanti tana da ciki. Ba wanda ya faɗa, kin san ba a faɗa, amma zane ya daina kai mata, kuma ta daina ɗaukar jarka a ka. Daga baya na ji ungozoma tana cewa cikin sanyin nan za ta haihu. A aurenta na fari ta yi shekaru ba ta samu ba, har aka sallame ta a kan haka. Wani lokaci ina ganinta tana tsaye da tsintsiya, ta dafa cikin, kamar mai sauraren sallama daga nesa.

Mutanenta ba su san saƙa ba. Za su kawo nono da man shanu da rago, amma babu mai kawo shawul. Ita kuma ba ta tambaye ni ba, kuma na san ba za ta tambaya ba. Na zauna na yi tunani: babu jaririn unguwar nan da bai fita suna cikin saƙarki ko tawa ba. Ɗan Baba ne za a fito da shi cikin tawul ɗin kasuwa?

Sai na buɗe akwatinki, na ɗaga zannuwa, na ciro zaren da ke can ƙasa.

Kin tuna shi. Wanda kika sayo a Damagaram lokacin da aka tura ki babban gidan likita awo. Kore, ruwan ƙwai, ruwan toka, sai wani ɗan guntun shuɗi mai duhu irin na rawanin Buzaye. Kika dawo a gajiye, ƙafafunki a kumbure, amma kafin ki sha ruwa sai da kika nuna mini shi. Na ce na wane ne? Kika harare ni kika ce, “Rufin akwati zan yi.” Haka kike cewa kullum in kina yi wa wanda bai iso ba, don ba a ambaton baƙo yana hanya. Kumburin ya kai hannunki, ko layi ɗaya ba ki kafa ba. Kika haihu, jini ya ƙi tsayawa, kika tafi. Shi ma jaririn ya bi ki tun ba a raɗa masa suna ba.

Zaren yana nan da ƙanshin turarenki. Na daɗe ina riƙe da shi kafin in ɗora shi a tsinke.

Tanti ta gan ni da shi ta ce, wannan kuma na wace ce? Na ce rufin akwati nake yi. Ta kalle ni, ta kalli zaren, ta koma wajen tukunyarta. Wannan karon ba ta canki launi ba.

Inna, zaren ya ƙi ni.

Ni ban taɓa yin shawul gaba ɗaya da hawainiya ba. Na mutane da zare mai launi ɗaya nake yi, hawainiya sai a baki don ado. A hula da safa ba ya ba ni wahala. Amma da na kafa shi da faɗi, sai shuɗin nan mai duhu ya riƙa faɗowa wuri ɗaya, wannan layi a kan wancan, har ya taru ya zama tabo a tsakiya, kamar an zubar da tawada. Daidai inda ƙirjin yaro zai kwanta.

Na warware. Na ƙara faɗi, tabon ya koma gefe ya yi tsawo. Na warware. Na rage, ya dawo tsakiya. Na sassauta hannu kamar yadda kike cewa, “Kada ki ja shi, ba akuya ba ne,” duk da haka ya taru. Kowace warwara zaren yana ƙara yin gashi, yana sirancewa. Na je wajen masu kayan koli a kasuwa da ɗan guntu a hannu, suka ce an daina kawo irinsa. Aikin mutane kuma yana jira a leda, suna aiko yara tambaya.

Ana cikin haka Kaka, mahaifiyarki, ta zo daga Olelewa ranar kasuwa. Ta shigo da tsokanarta kamar kullum: “Ina mai doron gidan nan? Ke dai sai kin riga ni riƙe sanda.” Na tashi zan ɓoye saƙar, ban yi sauri ba. Ta tsaya. Ashe tare kuka je Damagaram, a gabanta kika zaɓe shi.

Ta ja ni ɗakina ta saki labule. Ta shimfiɗa abin a cinyarta, ta ɗora tafin hannunta a kan tabon. Ba ta yi kuka ba, amma muryarta ta canza. Ta ce, “Ke Lami, kin san abin da kike yi? Mai shi bai sa ba, uwarsa ba ta saƙa ba, shi ne za ki ɗauka ki rufa wa ɗan wata? Ga shi zaren da kansa ya nuna miki.”

Ta ƙara da cewa, “Ba don ita nake faɗa ba, ba abin da ya haɗa ni da ita. Don ke nake faɗa. In yaron nan ya yi ko tari, ba sanyi za a zarga ba, ke za a kalla. Za a ce ɗiyar marigayiya ce ta yi da gangan. Ke da ba ki iya buɗe baki ba, da me za ki kare kanki?”

Ta ce in warware shi, in haɗa da kayana, in bi motar kasuwa mai zuwa in yi sanyin nan a wurinta. Zaren za ta ba da shi sadaka can nesa inda ba a san shi ba. Haihuwa ta zo ba na gidan, suna ya wuce ba na gidan, babu mai abin faɗa a kaina. Da za ta tafi ta kama kunnena ta ce, “Uwarki na rasa. Ba zan zauna in ga an ci naman ɗiyarta da baki ba.”

Kada ki ga laifinta, Inna. Ta tsufa sosai bayanki. Dakan fura ma yanzu sai ta huta a tsakani. Kuma abin da ta faɗa game da mutane gaskiya ne, na san bakinsu, a gabana suke zama suna yi da wasu ina saƙa musu.

Na san malam ya ce a wa'azi abu ba ya kashe mutum sai kwanansa ya ƙare. Na yarda da haka da rana. Amma in na kalli tabon sai gabana ya faɗi. Na cusa saƙar cikin ƙwarya na rufe da faifai. Na koma aikin mutane, ina saƙa ina gyangyaɗi. Har na fara ninke zannuwana na tafiya. Na ce a raina, a Olelewa aƙalla babu mai kawo mini leda, zan yi barci.

Sai ga yayan Tanti ya biyo ta nan, ya kai awaki kasuwar Belbeji zai koma daji. Ashe ta ba shi saƙo tun zuwansa na baya. Bayan ya tafi ta same ni a runfa, ta ajiye mini manyan curin zare a kan tabarma. Ruwan ɗorawa ne, launi ɗaya tun daga fari har ƙarshe. Ta ce, “Wannan mai gaskiya ne, abin da ya nuna a waje shi ne a ciki. Kowa kin yi wa, ke ko hula ba ki da ita. Ki yi wa kanki abin rufa wuya, sanyi na zuwa.”

Ban iya cewa na gode da ƙarfi ba. Na kwashe na kai ɗaki, na ɗaga faifai, na zuba su cikin ƙwaryar nan tare da naki.

Da na ga curi iri biyu a ƙwarya ɗaya, sai na gan ki. Kina zaune a kujerarki, ƙwarya a gefen ƙafarki, curi biyu suna birgima a ciki, kina sakin wannan ki ɗauki wancan a bakin layi. Ina ƙarama nakan tare su in sun faɗo. Na tuna na taɓa tambayarki me ya sa biyu, kika ce, “In kika bar zaren hawainiya shi kaɗai, launin taruwa yake wuri ɗaya.” Ban riƙe maganar ba a lokacin, ƙwallon kawai nake so. Ba ki samu lokacin nuna mini ba, ni ma ban san akwai sauran abin da ban koya ba.

Na warware shi a hankali, ina roƙon Allah kada ya tsinke. Na sake kafawa. Tafiya da dawowa da naki, tafiya da dawowa da nata. Shuɗin ya zo, bai sami ɗan'uwansa a ƙasa ba, ya wuce. Ya sake zuwa can gefe. Yanzu siraran layuka ne a warwatse cikin kore da rawaya, kamar gonar wake in ta yi fure.

Ba zan ce miki ya kai naki kyau ba. Gefen da nake sauya zare ya ɗan tattare, kuma nata ya fi naki kauri, in an shafa ana ji. Amma tabon ya tafi. Ashe ba wani abu zaren yake nuna mini ba, Inna. Hannuna ne bai sani ba.

Sai dai tafiyar tabon ba ta ɗauke maganar Kaka ba. Jarirai suna rasuwa a garin nan lokacin sanyi, cikin saƙa da cikin tawul. Ni na yi wa wasu hula ba su kai ga sawa ba. In Allah Ya ƙaddara wani abu, akwai masu tuna inda zaren ya fito, kuma ba ni da bakin amsa musu. Kaka kuma za ta ji ciwo, za ta ga kamar na zaɓi bare na bar ta. Na juya wannan a raina a layin ruwa, na juya a bakin turmi, har na gaji da juyawa.

Akwai kuma abin da na ga bai dace ba. Ina ta tunanin abin da za a ce da ni, ban tuna ɗan na Tanti ne ba. Ita ta yi shekaru tana jira. In akwai tsoro a cikin zaren nan, ita ya kamata ta auna shi, ba ni ba, ba Kaka ba. Da na miƙa mata shi ranar suna ban ce komai ba, da na yi mata rufa-rufa a kan abin da ya fi komai tsada a wurinta.

Saboda haka ga abin da na yanke, ban yi shawara da kowa ba.

Motar Olelewa ta zo ta tafi, ban shiga ba. Na ba direban goro da ƙullin kuka ya kai wa Kaka, na ce ya gaya mata ina gaishe ta, zan zo bayan suna in daɗe, ta yi mini faɗan da za ta yi a lokacin. Zannuwan da na ninke na mayar da su akwati.

Shawul ɗin ya kusa ƙarewa, amma ban rufe bakinsa ba, yana kan tsinke. Gobe in Baba ya fita, zan ɗora mata shi a cinya haka nan. Zan gaya mata na wane ne zaren, da wanda aka sayo shi dominsa, da abin da Kaka ta ce. Na yi ta maimaita maganar a gaban awaki don kada ta maƙale mini. In ta ce tana tsoro, zan zare tsinken in ninke shi, ba zan riƙe ta a zuciya ba, kuma zan yi mata wani da nata zaren kaɗai ko da yatsuna za su fashe. In ta ce in rufe, zan rufe a gabanta, in wanke shi in shanya a igiyar tsakar gida inda duk mai shigowa za ta gani.

Ban san abin da za ta ce ba. Ke ma ban san abin da za ki ce ba, shi ne ya fi damuna. Ke mai kunya ce, ko sunana na yanka ba ki taɓa kira ba don ni ce ta fari, amma ban taɓa ganin kin hana jariri sutura ba, ko na wadda kuka yi faɗa da ita ne. Da wannan na dogara. In na yi kuskure ki yafe mini. Ban manta da ke ba, Innata. Kowace safiya in na wuce kujerarki sai na rage tafiya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata miki makwanci. Allah Ya haɗa ki da ƙanena da bai sami suna ba, Ya sa ya zama mai jan hannunki ranar tsayuwa. Allah Ya sanyaya zuciyar Kaka, Ya ba Baba lafiya. Tanti kuma Allah Ya sauke ta lafiya, ita da abin da take ɗauke da shi. Ko cikin wannan shawul ko cikin wani, ina so wannan karon in ga an fito da jariri daga ɗakin nan a naɗe cikin abin da ba farin ƙyalle ba.

Amin, ya Rabbi.

Ni ce ɗiyarki mai kewarki,
Lami